Maijidda da Kwale-kwalen Ɗantani

Duk wanda ya ci kasuwar Tudun Wada a shekarun da aka tare ruwan Tiga ya san Maijidda mai bandar kifi, doguwar tsohuwa marar yawan magana. A tsohon ƙauyensu daddawa take yi. Da ruwa ya cinye ƙauyen har da ɗorayinsa, aka tashe su zuwa sabon matsuguni, sai ta koma banda, ƙanenta Ɗantani yana kamo mata kifin.

Ubansu bai san garinsu ba. Yana yaro mahara suka sure shi a bakin rafi, aka sayar da shi ga wani mai gandu, ya yi ta noma har furfura ta fito masa kafin ubangijin nasa da ke gargarar mutuwa ya 'yanta shi. Turawa suna ƙasar tuntuni, sun kuma ce sun hana bauta, amma shi dai babu wanda ya zo ya karɓe masa fartanya. Lokacin babban yaƙin Turawa aka ce kowane gari ya ba da majiya ƙarfi don haƙar kuza a Jos. Sunan ɗan mai gandun ya fito, aka tura Ɗantani a madadinsa. Ya dawo da tarin da bai taɓa barinsa ba. Ya yi aure sau biyu, Allah bai ba shi haihuwa ba, matan suka kama gabansu.

Tarin ne ya yi ajalinsa a daminar 1976. Ranar sadakar uku Maijidda tana tsakar gida cikin mata, sai ta jiyo muryar Alhaji Ɗahiru a zaure. Shi jikan mai gandun ne, dillalin hatsi, rabonsa da taka gidan tun kafin a tashe su. Ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya gyara zama ya ce tun da mamacin bai bar ɗa ko ɗan'uwa namiji ba, rabin gadonsa na gidan da ya 'yanta ubansa ne.

Malam Buba, tsohon masinjan Di'o, Baturen mulki, ya ce ai wannan zance ya mutu tun ranar da Bature ya shigo Kano. Ba don Bature ba, in ji shi, da har yau ana cinikin mutane kamar awaki. Alhaji ya ce Bature haraji da bulala kawai ya kawo, kuma su bautarsu ba irin ta Turawa ba ce, bawan gida ɗan gida ne, ƙwarya ɗaya ake ci da shi. Nan musu ya kaure, zaure ya rabu biyu, har da masu dariya. Babu wanda ya ƙara ambaton sunan Ɗantani.

Maijidda ta miƙe daga cikin matan. Ta yafa mayafi ta tsaya a bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Alhaji, in ƙwarya ɗaya ce, me ya hana babanku zuwa Jos?" Ta juya wajen Malam Buba. "Kai kuma Malam, wa ya riƙe igiyar da aka jera su Ɗantani da ita? Ina tsaye na gan ka."

Malam Buba ya sunkuyar da kai ya ce shi ɗan aike ne. Liman ya yi gyaran murya, ya ce a hukunci dai rabi nata ne, rabi na gidan su Alhaji, amma yana roƙonsa ya bar wa tsohuwa, don da kwale-kwalen mamacin take ci.

Alhaji ya yi murmushi. "Ba don abin duniya ba ne, Inna. Don dai kada yara su taso su manta asali."

Wannan kalma ta fi komai ƙona mata rai. Ta ce a ba shi rabin nasa. Abin da Ɗantani ya bari bai wuce kwale-kwale da komar kamun kifi da tunkiya biyu ba. Washegari ta sa aka ɗora kwale-kwalen a amalanke, aka bi da shi ta tsakiyar gari da rana tsaka, kowa na kallo, aka sauke a ƙofar gidan Alhaji. Babu masunci a gidansa, kuma duk masuncin da ya yi wa tallarsa sai ya ce yana da nasa. Haka kwale-kwalen ya yi ta shan rana a jikin katanga har ya tsage, kaji suka mai da shi wurin kwana.

Ita kuwa ta koma sarin kifi a bakin ruwa, ribar ta ragu, ba ta yi wa kowa kuka ba. Da babbar sallah ta zo Alhaji ya aiko mata da cinyar rago, ta ce a mayar, ita ba ta da haƙoran cinta. In ta ji ana musun zamanin Turawa da na da a kasuwa, sai ta tofar da yawu ta ci gaba da jera kifinta.

Ta rasu shekarar da soja suka miƙa mulki, a gidan 'yarta Kulu da ke Burumburum. Jikokinta maza ne suka ɗauki makararta.