Miyar da Na Dafa wa Masu Dunƙule

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in maido muku abinku. Wagga ba ta gizo ba ce, tawa ce, a kasuwar Geceme ta same ni.

Ni mai daudawa ce, daudawar batso, wadda ake yi da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa. A dafa su yini guda, a rufe su kwana da kwanaki har su nuna, a daka, a shanya. Tun ina ɗiya a gaban innata nake yin ta. A kasuwa kuwa rumfa guda gare mu ni da ƙawata, wadda ta girme ni da kaɗan, nake ce mata Yaya. Shekarunmu a rumfar nan sun fi na aurena yawa.

Mun raba aiki. Ita ke da murya, ita ke talla: "Ta nuna, ta nuna! Shinshina kamin ki saya!" Ni ke da hannu. In mace ta tsaya, in gutsura mata kaɗan ta kai hanci, in tambaye ta jikin yaro, in ta saya in ɗora mata gyara. Tallarmu ke nan duka, murya guda da hanci da gyara.

Wata ranar kasuwa bayan kaka, sai ga kamiyo, wato babbar mota, daga Dogon Dutsi, shuɗi tun daga kai har ƙafa, da lasifika biyu a bisa. 'Yan mata sunka diro da riguna iri ɗaya, suna raba ɗan dunƙulen miya kyauta, kowa guda. Wadda ta sayi ƙunshi a ba ta cokali, wadda ta sayi kwali a ba ta roba. Kiɗansu ya haɗiye muryar Yaya, sai bakinta nake gani yana motsi.

Shugabarsu wata madam ce mai fara'a. Ta tambayi mata wa ya fi iya miya a garin, sunka nuno ni, don ni ke riƙe tukunyar buki a da. Ta zo har rumfa ta durƙusa.

"Inna, kasuwa mai zuwa muna son ki dafa muna miyar kuka a gaban jama'a, da dunƙulenmu, kowa ya ɗanɗana. Akwai turmin zane da babbar roba."

Da ta tafi, Yaya ta ce, "To, sannu amaryar kamiyo. Za ki yi wa mai korar ki girki?"

"Miya ce kawai, Yaya."

"Miya ce muke ci da ita, ke da ni."

Na ji ta, amma na tafi. Ba zanen ya ja ni ba. Maigidana ya rasu, ɗiyana sun watse, wasu Yamai, wasu Kabi. 'Yar tukunya nake ɗorawa wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba, in ci ni kaɗai ina kallon kaji. Na daɗe ban ji an ce mini "ƙaro" ba. Abin da ya kai ni ke nan.

Ranar ta zo. Anka girka mini babbar tukunya a gindin kamiyo, anka ɗaura mini shuɗin ƙyalle a ƙirji. Madam ta ɗaga dunƙule biyu sama kowa ya gani, ta ɓare, ta jefa. Tana ta magana cikin lasifika, ni ina gaban wuta.

To, ku ji inda abin ya karkace. Kullum akwai curin daudawa ƙulle a haɓar zanena, na shinshinawa. Innata kuwa ta koya mini, ruwa na tafasa, bismilla, daudawa. Ban taɓa ɗora tukunya ban yi haka ba. Ruwa ya tafasa, bakina ya yi bismilla, hannuna ya kwance ƙulli ya murmushe ya zuba. Wallahi ban san na yi ba sai da ƙamshin ya taso ya bugi fuskata. Na duba hagu, na duba dama. Idon kowa na kan madam.

Ita kuwa a daidai nan take cewa, "Babu daudawa, babu wari a hannu, babu wahalar daka! Dunƙule biyu, an gama!"

Na kaɗa kuka, miya ta yi. Mata sunka yi layi da ƙananan cokula. Ta farko ta lasa ta rufe ido.

"Kai! Kamar miyar kakata!"

Ta biyu ta ce, "Ashe abin nan haka yake?" Ta juya wajen 'yan mata ta ce a ba ta kwali. Ina tsaye ina kallon matan da na san sunan ɗiyansu suna rungumar kwalaye, kuma daudawata ce ke sayar musu.

Sai ga Yaya a layi. Ta karɓi cokali, ba ta ma kai baki ba, hanci ta kai. Ta dube ni.

"Gurguzun bara ne," ta ce a hankali. "Wanda munka dafa a gidana."

"Hannuna ne, Yaya. Ban sani ba."

"Na yarda. To, faɗa musu."

Kamar an shirya, madam ta dafa kafaɗata ta kawo abin maganar bakina. "Inna, faɗa wa mata, me kika sa a miyar nan?"

Numfashina na ji ya fito ta lasifikar bisa kamiyo, ƙato, kamar na wata dabba. Ga baƙuwa ta durƙusa mini, ta kira ni Inna, ta yi shela a gaban jama'a babu daudawa. Mu an raine mu ba a kunyata baƙo cikin taro. Ga Yaya kuma, taku uku tsakaninmu, riƙe da cokali.

Na ce, "Abin da kunka gani, shi ne a ciki."

Anka yi guɗa. Yaya ta juye cokalinta a ƙasa, ta ajiye shi a bakin tukunya, ta koma rumfa.

Daga baya na faɗi gaskiya, na faɗa har na gaji. Matan da sunka dawo suna cewa miyarsu ba ta yi kamar tawa ba, na ce musu akwai daudawa a waccan. Sai su yi dariya. "Inna, kishi ne! Da kunnenmu munka ji ki." Su je su ƙara dunƙule na uku. Ƙaryar na yi ta da lasifika, gaskiyar kuwa kunne ɗaya-ɗaya nake bi da ita, ba ta taɓa cim mata ba.

Yaya ba ta zage ni ba. Kasuwa uku tana zaune gefena ba ta yi talla ba. A ta huɗu na iske gurbin faifanta babu kowa.

Madam ta sake zuwa bayan shekara biyu, a farar mota, tana tallar sabulu. Ta gaishe ni da kyau, ba ta gane ni ba. Matan garin sun saba da dunƙule, amma wasu kan zo a ɓoye sayen daudawa in uwar miji za ta zo. Yaya ta koma wajen ɗiyarta a Ɗan Kassari. Sau biyu munka haɗu a wurin suna, gaisuwa ce kawai, lafiya lau, lafiya lau. Can ta rasu da damina, labari ya iso ni bayan an yi sadakar bakwai.

Zanen yana ƙasan akwati, ban kai shi ga tela ba. Robar nake rufe gurguzu a ciki. Ni kuwa ina nan a rumfar duk ranar kasuwa, gefen damana fili. Ban iya talla ba, don ba aikina ba ne. In mace ta tsaya, in gutsura mata ta shinshina.

Ga kunnuwanku nan, na gode da aro.