Safiyar Laraba a Miƙe

Ba faɗuwa na yi ba, wannan nake so a fara sani. Daga keke mai ƙafa uku nake saukowa a bakin kasuwar Kakuri, ƙafata ta ɗan goce, na dafa jikin keken da hannun hagu, sai na ji ƙas. Ni da na yi shekaru ina cicciɓar bandir-bandir na atamfa a masaƙa kafin a rufe ta, wai dafa keke ne ya karya min tsintsiyar hannu.

Bayan an ɗaure hannun a asibiti, an yi gwaje-gwaje, likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta ce ƙasusuwana sun zaizaye ta ciki kamar icen da gara ta ci. Ta ce hannu mai sauƙi ne, ƙugu ake tsoro, don in ya karye a shekaruna wata ba ta sake takawa. Maganar nan ta shige ni. Mijina ya rasu, ina zaune da ɗana da matarsa a Makera, kuma ni mace ce da ko ruwan alwala ba na son a zuba min. Ban ga ranar da zan kwanta surukata tana juya ni ba.

Ta ba ni ƙwaya, guda ɗaya a mako. Ta ce, "Hajiya, da safe za ki sha, ciki babu komai, da ruwa zalla cike da kofi. Bayan nan rabin awa ba ci, ba kwanciya, ba sunkuyo. Ki zauna a miƙe ko ki tsaya."

Na ce to, na zaɓi Laraba. A raina na ce wannan ai wasan yara ne, an sha maganin da ya fi shi fitina.

Larabar farko ina farkawa na haɗiye ta da kurɓi biyu, don ni ruwan sassafe tashin zuciya yake sa ni. Na yi alwala, na yi sallar asuba, na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida. Ban kwanta ba, don haka a ganina na cika umarni. Kafin in ajiye tsintsiyar ƙirjina ya ɗauki wuta, tun daga maƙogwaro har ƙahon zuci, yini guda ko koko da ƙyar yake wucewa. Sai da na zauna ina lissafin abin da na yi na gane: wanke ƙafa sunkuyo ne, ruku'u sunkuyo, sujada ba a magana, shara kuwa tsintsiyarmu ba ta kai gwiwa ba. Ashe duk safiyata a duƙe nake yin ta tun ina yarinya, ban taɓa lura ba.

Daga nan kaina ya ɗaure. Mako na biyu na sha, na zauna a bakin gado ina kallon agogo kamar mai gadi. Ina ji aka tayar da sallah a masallacin layinmu, ina ji aka sallame, gari ya fara haske ina zaune. Na yi sallata a makare, zuciyata ba daɗi. Na ce wannan wane irin magani ne da zai shiga tsakanina da Ubangijina?

Da na faɗa a gida, kowa ya zama likita. Ɗana ya ce in yi sallar a zaune da nuni, ai larura ce. Na ce da ƙafafuna lafiya lau? Surukata ta ce in kora ƙwayar da koko mai ɗumi, zai kwantar da zafin. Wata maƙwabciya ta ce in mayar da shan da daddare, wata kuma ta ce in raba ta biyu. Kowacce na ji sai in ga kamar ita ce mai gaskiya, sai in tuna fuskar likitar in fasa. Gaba kura baya sayaki: in na sha ina tsoron ƙirjina da sallata, in na bari ina tsoron ƙuguna. Laraba ta uku na ɗauko ƙwayar, na juya ta a tafin hannu, na mayar. Ranar ko matakalar ƙofar gida sai da na tsaya ina kallonta kafin in taka.

Na tafi Kakuri wurin tsohuwar abokiyar aikina ta masaƙa, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, don na ji ita ma irin maganin take sha.

Ta ce, "Ni Asabar nake sha, sista, saboda Lahadi akwai durƙuso a coci."

Na ce, "To ni da nake da durƙuso kullum fa?"

Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Na ji haushi, na ce ba wasan kwaikwayo na zo yi mata ba. Ta ce, "Yi haƙuri. Wannan kam ya fi ƙarfina, ni ba likita ba, ba malama ba. Ɗauki mayafinki mu koma wurin wadda ta ba ki."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Hajiya, ki yi sallarki a kan lokaci, ki gama duk sujadarki, sannan ki sha. Abin da nake so shi ne kada komai ya riga maganin shiga cikinki." Ta hana koko, shayi da madara sai rabin awar ta cika, ta hana raba ƙwayar, ta ce ruwan ma ba kurɓi ba, kofi guda. Ta yi min faɗa sosai kan zafin ƙirjin da na ɓoye, ta ce in ya dawo ko haɗiya ta yi wuya in dakata in zo ranar. Na fito ina jin kunya da sauƙi a haɗe. Abin da ya hana ni barci makonni, ita cikin numfashi ɗaya ta warware shi.

Na ɗauka ruɗani ya ƙare. Wata Laraba na idar da sallah, na sha, na zauna a kujera a tsakar gida, surukata tana shara, sai ga sallama. Yayar marigayi mijina ce daga Rido, ta biyo motar farko za ta asibitin ido. Tsohuwa ce tukuf, bayanta ya tanƙware har sai ta karkata kai take ganin fuskar mutum. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa gaishe ta ba sai gwiwata a ƙasa.

Na yunƙura zan durƙusa, na tsaya. Durƙuson gaisuwa yana cikin sunkuyon da aka hana ko ba ya ciki? Ban tambaya ba, har yau kuma ban sani ba. Na tsaya ƙiƙam kamar soja, na ce, "Ina kwana, Yaya."

Ta karkato kai ta dube ni daga ƙasa. "Yau kuma a tsaye ake gaishe mu? An yi arziki ke nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na hau bayani ina in'ina: ƙashi, gara, ƙwaya, rabin awa. Na ce in ta ɗan jira zan gaishe ta yadda ya kamata. Ta dogara da sandarta tana kallona. Da na ga haka na ce abin da zai faru ya faru, na fara sauke gwiwa.

Ta ɗaga sandar ta tokare ni a kafaɗa.

"Koma ki zauna yadda aka ce miki," in ji ta. "Ni lokacin da nawa bayan ya fara tanƙwarewa, cewa aka yi tsufa ne."