Shekarar da Yaya Delu Ta Ci Bango

A ƙarshen daminar 1955 na fara ganin abin, ina da shekara tara ko kusa da haka, a ƙauyenmu da ke gefen Pauwa ta ƙasar Kankara. Da hantsi Inna ta ɗora mana abincin masu aikin gona, ni da yayata Delu, ita da ƙwaryar fura, ni da akushin ɗumame. Dawa ta yi tsawo har ta rufe hanya, raɓa tana jiƙa mana ƙafafu. Da muka kai wani tsohon suri da ke gindin kanya, wanda ko manya ba sa wucewa ta gabansa sai da bisimilla, sai Yaya Delu ta sauke ƙwaryarta ta ce in yi gaba, za ta kama ruwa. Na yi gaba kaɗan, tsoron tafiya ni kaɗai ya sa na waiwayo. Sai na hange ta durƙushe a gindin surin, ta ɓantaro jar ƙasa tana turawa a baki da hannu biyu, idonta a lumshe kamar mai shan zuma. Ƙarar da haƙoranta ke yi, ƙurus ƙurus, ita ta tayar mini da tsikar jiki. Da ta gan ni ta goge baki da gefen zane ta ce, "Mi kika gani, Asabe?" Na ce ban ga komi ba. Ta ce, "To ki ci gaba da rashin gani."

Ya kamata in faɗi wace ce Yaya Delu kafin wannan shekara. Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, da wushirya da dogon wuya, idan ta yi dariya sai ka ji kamar an yi maka kyauta. A dandali ita ke ba da waƙar gaɗa muna amshi, a wasan carabke kuma ba a cin ta. Ko surfe take yi sai ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, ni ina zaune kan turmin da aka kifa ina kallonta, ina raya wa kaina ranar da za a kai ta ɗakin miji bisa doki ina riƙe mata mafici. Da na girma na shiga karatun littattafan soyayya na kasuwa, duk budurwar da aka siffanta fuskar Yaya Delu nake gani. Wannan fuskar ce ta fara dusashewa a gabana. Kafin a gama girbi wuyanta ya ƙara tsawo don rama, cikinta ya yi tulu, tafin hannunta ya yi fari fat. Idan muka ɗebo ruwa daga rafi sai ta tsaya ta dafa bishiya tana haki. Tuwo kuwa sai ta yi loma biyu ta ture.

Inna da kanta ta kama ta, ranar da ta ga jar ƙasa ƙulle a bakin zanenta wajen wanki. Da aka ji cewa ƙasar wancan surin ce, gidanmu ya cika da mata. Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ta riƙe haɓa ta ce mutanen ɓoye ne suka ciyar da ɗiyar nan, kuma ƙasa ce ke kiranta. Na fahimci me take nufi da kiran ƙasa, na ruga bayan rumbu na yi ta kuka. Aka kawo rubutu ta sha, aka yi mata turare har ɗaki ya yi duhu, Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, wata rana har ya ɗauki tsumagiya, sai ya dube ta ya ajiye. Ƙawayenta suka daina biyo mata zuwa dandali. Ni ma a makarantar allo yara suka riƙa matsawa idan na zauna, wata ta tambaye ni ko da gaske ne yayata tana magana da gara.

Daga nan manya suka yanke shawarar da suka ga ita ce mafita. Tunda suri ke jan ta, to a raba ta da suri. Aka hana ta gona, aka hana ta rafi, aka zaunar da ita a ɗakin Inna, wanda aka shafe da farar ƙasa tun kafin salla yana ta ƙyalli. Kuma tunda a wajenmu ba a barin budurwa hannu sake, lokacin ma auduga ta shigo gida, sai aka ba ta kaɗi. Aka ajiye mata mazari da kwandon auduga da ɗan kaskon alli, wannan farin garin da masu kaɗi ke dangwala a yatsa don zare ya yi santsi. Kowa ya samu natsuwa. Daga tsakar gida muna jin mazari yana juyawa, Inna tana cewa, "Alhamdu lillahi, hannu ya samu aiki." Sai dai alli ya riƙa ƙarewa da wuri, Inna ta ɗauka yawan kaɗi ne, har tana yabonta wajen maƙwabta tana ƙara cika mata kaskon.

Ranar da asiri ya tonu, da rana tsaka ne, an aike ni in ɗauko faifai a ɗakin. Na ja tabarmar da ke jingine a bango, sai ga rami. Farin shafen duk an kankare shi, an shiga cikin jar ƙasar ginin, zurfinsa ya isa in sa kaina, gefensa duk sawun farce da na haƙori. Yaya Delu tana zaune tana kallona, leɓɓanta sun yi fari, yatsunta sun fashe suna jini. Ba ta ce in yi shiru ba wannan karon. Ta ce, "Asabe, wallahi ba na so. Tun da na farka nake cewa yau ba zan ci ba." Inna ta shigo ta gani ta zube a ƙasa tana salati. Gwaggo Ladi ta sa aka jiƙa ɓawon maɗaci aka shafe bangon da shi. Washegari na leƙa na ga yayata tana lasar wurin, ɗacin yana sa ta kakari, hawaye na zuba, kuma ba ta daina ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don na gane cewa ba mai tsare ta, ita ma ba ta iya tsare kanta.

Kakanmu na wajen uwa, wanda muke kira Baba Tsoho, ya zo daga Ruwan Godiya bisa jakinsa da ya ji labari. Mutum ne mai barkwanci, leɓensa na ƙasa kullum a cike da garin taba, duk inda ya zauna sai ya bar jan tofi. Ya shiga ɗakin ya dubi ramin, ya dubi Yaya Delu, ya ce, "Amaryata, ashe gidan surukaina kike rushewa don ki dawo wajena?" Ta yi murmushin da muka daɗe ba mu gani ba, ta ce, "Wa zai bi tsoho mai jan baki?" Ya zauna ya yi mata tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mata. Yaushe abin ke taso mata? Miyau na tsinkewa? Idan ta ci hankalinta na kwanciya, daga baya ta ji haushin kanta? Duk ta ce haka ne. Ya fito tsakar gida ya ce wa Baba, "Malam, wanga ba iska ba ce. Irin tawa ce. Abin da ta faɗa duka, haka nike ji da taba. Kun kulle ɗiya da abin da take gudu, kuna ƙara mata a kasko." Gwaggo Ladi ta ce taba daban, ƙasa daban. Ya ce ya ji, amma a bar shi ya gwada.

Ya fitar da ita daga ɗakin, ya shimfiɗa musu tabarma biyu a inuwar ɗorawar ƙofar gida. Ya miƙa wa Inna battar tabarsa ya ce ta jefa a murhu, shi da amaryarsa za su bari tare. Sharaɗinsu ɗaya ne: duk wanda sha'awar ta taso masa ya faɗa da baki, kada ya ɓoye. Sai ka ji ta ce, "Baba Tsoho, ta zo," ya miƙa mata aya ko ƙanzo ta yi ta gurza har abin ya lafa. Shi ma sai ya ce, "Tawa ta zo," ta yi masa dariya ta ba shi goro. Bai tsaya nan ba, don farin tafin hannunta ya dame shi. Ya ɗora ta a jaki suka tafi ɗakin shan magani a Kankara, aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai kuma akwai tsutsar ciki, aka ba ta magani, aka ce a riƙa ba ta hanta da ganye. A hankali ta fara cin tuwo, kumatunta suka fara dawowa.

Ba zan ce abin ya tafi sumul ba. Wata rana na ji tana ce masa, "Kai taka sai ka je kasuwa ka saya. Ni tawa ina taka ta, ina kwana a kanta, in na yi sujada tana bakin hancina." Ta koma ci ba sau ɗaya ba, duk lokacin kuma gabana sai ya faɗi in ga kamar mun koma farko. Amma yanzu tana faɗa, ba a dukanta, ba a kulle ta. Shi kansa bayan ya koma Ruwan Godiya an ce ya sake sayen batta, ita kuwa daga ƙarshe ta riƙe alkawarin.

Yanzu jikata da ke aikin jinya tana gaya mini cewa abin yana da suna a asibiti, kuma masana ba su gama yarda ba ko a ɗauke shi kamar shaye-shaye ko kuwa ciwo ne na jini da na zuciya. Ni dai na ga maganin asibiti ya taimaka, na kuma ga zaman tabarmar nan ya taimaka, ban san wanda ya fi ba. Abin da nake kewa shi ne tsohon da zai bar gonarsa ya zo ya zauna da yarinya ya ce ciwonsu ɗaya.

Yaya Delu ta yi aure a Sabuwa, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, ta yi suna da tuyar waina. Duk cikin da ta ɗauka sai sha'awar ta dawo, takan aika a kira ni in zauna da ita har ta haihu. Da siminti ya shigo garin, ita ce ta fara shafe ɗakinta da shi, ƙasa da bango, tun kafin masu kuɗin unguwar su yi. Mata suka yi ta gulmar cewa mai waina ta fiye alfahari, ita kuwa ba ta taɓa tanka musu ba. Na tambaye ta sau ɗaya, muna tsofaffi, ko ta warke. Ta ce, "Ban warke ba, Asabe. Ƙi nike yi, kullum." A wannan ɗakin ta rasu, da furfura, 'ya'yanta kewaye da ita, ba ɗayansu da ya san dalilin simintin. Ta yi rayuwarta tana tsoron abin da kowa ke takawa bai kula ba, kuma ta kai tsufa.