Jan Kafet ɗin da Na Shimfiɗa wa Matata

Shekarun baya, lokacin da ma'aikatan Abuja ke ta kwararowa Suleja neman haya, abu biyu na ɗora a kan sikeli: matata da wani jan kafet.

Sana'ata ke nan, ina sayo tsofaffin kafet daga ofisoshi ina sayar wa masu sabon ɗaki. Wanda ya fi kyau duka na hana kasuwa, na shimfiɗa mata a ɗakinmu na unguwar Hashimi. Matan maƙwabta har leƙowa suke yi su taka.

Ba a jima ba ta fara atishawa, ido ya yi ja, ƙirji na kuka. Mun sha maganin mura har mun gaji. Yayanta ya zo daga Zariya, ya ce, "Malam, garin nan bai karɓe ta ba. In ta kai salla a haka, zan tafi da ita."

Na kasa zaune na kasa tsaye. Ina cikin ciniki sai in bar mai saye in ruga gida in saurari numfashinta.

Wata likita ta ɗebi jininta. Ta ce akwai wani sinadari da wasu fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa idan jiki na faɗa da abin da ba ya so, za a aika Legas a auna yawansa. Na yi ta sintiri a asibitin nan har mai gadi ya fara ce mini, "Alhaji, yau ma babu."

Da sakamako ya zo, ya yi sama sosai. Likita ta tambayi abin da ke ɗakinmu. Na lissafa komai, na bar kafet a ƙarshe, da ƙaramar murya.

Ta ce, "Tsoho ne?"

Na ce, "Ai na ofishin manya ne."

Ta ce, "Ƙura ba ta san manya ba. Matarka ta bar ɗakin na wani lokaci, mu sake awo."

Na ce, "Likita, ba ragi? Ko rabinsa in yanke?"

Ta yi dariya har da riƙe tebur.

Na kai matata wurin gwaggona a unguwar Chaza, ɗaki mai daɓen ƙasa da tabarma. Ni kuwa ina kwana a kan kafet, ina fatan awo ya wanke shi. Awo na biyu ya sauka ƙasa. Ni mutumin awo ne, ba na musu da mudu. Ranar na naɗe shi, na sayar wa wani direba a araha.

Har yau abokaina na tsokanata: mai sayar da kafet, ɗakinsa siminti tsura. Nakan ce su lissafa da kyau. Na yi asarar kafet ɗaya da 'yan kallo. Yayanta kuwa da ya zo da salla, tuwonta ya ci, ya koma Zariya shi kaɗai.