Farfaɗiyar da Na Ɗora wa Malam Habu

Kafin in lalace, ni ne wanda ake bar wa makullin ofis. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kusa da Wendover, a nan ƙasar waje. Ni ba likita ba ne. Aikina in karanta abin da likita ya rubuta bayan ya duba marar lafiya, in mayar da shi lambobin da inshora ke biya da su. Gwargwadon wuyar shawarar da likita ya yanke, gwargwadon kuɗin.

Wata rana manajanmu ya tsaya a kaina ya ce na cika tsoro, in na ɗaga lambobin akwai kasona. Na ɗaga kaɗan, babu wanda ya ce uffan. Sai na zarce, na fara ƙara ciwo a fayil don lambar ta samu madogara. Mai ciwon kai sai in liƙa masa farfaɗiya. Likitan kuwa sa hannu kawai yake yi, ba ya karantawa. Na riƙa ce wa kaina ai inshora nake cuta, ba mutum ba.

Malam Habu direban tirela ne, tare muke sallar Juma'a. Ni da kaina na kawo shi asibitinmu saboda ciwon kai na ɓari ɗaya, kuma shi ma ban ƙyale shi ba. Da ya je sabunta takardar lafiyarsa ta tuƙi, likitan direbobi ya ga farfaɗiya a fayil, ya dakatar da shi.

Malam Habu ya tare ni a bakin masallaci. "Ɗan'uwa, kai ka san aikin nan. Wallahi ban taɓa faɗuwa ba. Duba min, ko mistake ne?"

Na ce zan duba. Ban duba ba, don gyarawa tona wa kaina asiri ne.

Ƙorafinsa ne ya jawo bincike. Manaja ya rantse bai san komai ba, sunana ne a kan kowace lamba. Aka ɗaure ni.

Da na fito na tuba ga Allah, na je neman gafarar Malam Habu. An goge ƙaryar daga fayil ɗinsa, amma kafin nan banki ya ƙwace tirelarsa. Na same shi yana dakon kwali a wani sito, da furfurarsa. Ya ce ya yafe, bai ɗago ya dube ni ba. Har yau abin yana cin raina.

Matasa, abin da kuka rubuta a fayil yana bin mutum har inda ba ku zata ba. In aka ce ku ɗaga lambar da bayanin likita bai kai ba, ku ƙi. In aka matsa, ku ajiye aikin. Ni a lokacin na riƙe nawa, Malam Habu ne ya rasa nasa.