Randar da Na Shafa wa Fenti

A zamaninmu, a firamaren garin nan na Illela, mutum ɗaya ne ke da izinin yin tambaya a aji, shi ne malam. Ya san amsar tun kafin ya tambaya, namu kawai mu mayar masa da ita yadda ya ba mu jiya. Mukan rera lissafi da ƙarfi har masu wucewa da jakuna su ji. Yanzu kuwa sai ka ga yara a gindin bishiya da ƙasa a hannu, suna ta surutu, malama na tsaye tana sauraronsu, a ce maka wai karatu ake yi.

Ni ba mutum ba ne da ake yi wa irin wannan wayo. Na yi shekaru masu yawa ina bin motocin albasa, daga Kwanni zuwa Yamai, Kwatano, Abijan, har Kumasi. Ina jin Faransanci da Zabarmanci da Fulatanci, ga Turancin kasuwa. Na ga makarantun da yara ke shiga aji a jere kamar sojoji. Da na ajiye fatauci na dawo gida da abu biyu: ciwon gwiwa, da tabbacin cewa babu sauran abin da ban sani ba.

Jikata, 'yar ɗana na fari, a hannuna take, domin ubanta yana aiki a Sakkwato. Tana aji uku lokacin da aka kawo musu sabuwar malama. Tun daga nan yarinya ta canja. Takan dawo da laka a rigar makaranta. In na buɗe littafinta in ga zanen tururuwa da layi biyu na rubutu. Ga tambaya ba iyaka. Mi ya sa inuwa ke gajarta da rana tsaka? Ina ruwan da aka zuba a tsakar gida ke tafiya? Tun ina cewa ikon Allah ne, har ta fara ce mini, "Na sani, Kaka, amma ta yaya?"

Sai na yanke shawara. Na ce da ita ƙarshen zango zan cire ta, in kai ta wata makaranta inda ake cika littafi da rubutu. Ba ta yi gardama ba. Ta dai daina cin abincin kirki, ta daina tsokanata, ita da kullum ke kirana tsoho mai ran ƙarfe. Matata ta ce, "Alhaji, ɗiyar nan fa tana son ajin nan." Na ce ai yaro yana son alewa ma.

Ranar Litinin na saka babbar riga na tafi in shaida wa malamar da bakina. A hanya har na shirya jawabi, na tanadi kalmomin Faransanci biyu-uku da zan jefa a ciki don ta san da wanda take magana.

Na same su a gindin dogon yaro, sun kewaye wasu ƙananan tuluna biyu. Malamar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba. Ta rusuna ta gaishe ni, ta sa aka kawo mini kujera. Kafin in fara jawabina ta ce, "Baba, ka zo daidai. Yara, ga wanda ya ga duniya. Ku yi mishi tambayarmu ta yau."

Suka haɗa baki: "Baba, mi ke sa ruwan tulu sanyi?"

Na gyara zama. Irin wannan ai ko a barci. Na yi musu bayani cewa yumɓu daga fadama ake haƙo shi, ya daɗe a ƙarƙashin ruwa, don haka sanyi ya zauna a jikinsa. Aikin tulu shi ne ya riƙe wannan sanyi kada ya fita. Na ƙara da cewa tulun da ke naso, wato ruwa na tsattsafowa ta jikinsa, tulu ne mai aibi, sanyinsa zurarewa yake yi. Har na kawo misali da manyan kwalabe masu riƙe sanyi da na gani a Abijan, waɗanda ko ɗigo ba sa fitarwa.

Na jira malama ta ce su maimaita abin da na faɗa. Sai ta juya ta ce, "To, kun ji amsar Baba. Yaya za mu gane ko haka ne?"

A raina na ce, yau ni za a bincika? Amma yara har sun fara. Wani ya ce a tambayi mai gina tulu. Wata ta ce a fasa ɗaya a duba ciki, aka yi mata ca. Jikata, wadda tun zuwana ba ta ɗaga kai ba, ta ce a hankali, "A hana ma ɗaya gumi. In Kaka na da gaskiya, shi zai fi sanyi."

Suka yarda da wannan. Aka samo leda aka naɗe tulu ɗaya tun daga wuya har gindi, aka ɗaure da tsumma. Aka bar ɗayan tsirara. Suka cika su daga bokiti ɗaya, suka ajiye su gefe da gefe a inuwa. Malama ta ce sai kusan tashi za a duba.

Na ja ta gefe na gaya mata abin da ya kawo ni. Kalmomin Faransancin duk sun gudu, da Hausa tsantsa na yi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce hukunci nawa ne, amma tana roƙon in dawo da azahar. Ni kuma don in nuna adalci, na ɗaga murya na ce, "In wasan nan naku ya koya mini abu guda da ban sani ba, na bar yarinyar a nan."

Ta ce, "Baba, ba gasa muke yi da kai ba."

Amma jikata ta ji, kuma na ga ta ji.

Na dawo rana na dukan ƙeya. Yaran suka ce ni ne alƙali, amma sai an rufe mini ido. Na ce zan runtse. Jikata ta ce, "Malama, shina leƙe. Ko a gida haka yake yi in ana rabon nama." Aji ya fashe da dariya. Haka ina ji ina gani aka jawo hulata aka rufe mini fuska har hanci, ni da jami'an kan iyakar ƙasa huɗu ke kira da Alhaji babba.

Aka miƙo mini kofi na farko. Ruwa ne dai, ba yabo ba fallasa. Aka miƙo na biyu. Tun daga leɓe na ji bambanci. Na ce da ƙarfin gwiwa, "Wannan shi ne na leda." Ihun da suka yi sai da malamin aji huɗu ya leƙo. Na ɗaga hula, na ga kofin daga tulun tsirara aka ɗebo shi, wanda jikinsa ke jiƙe sharkaf.

Ban sallama nan take ba. Na ce wataƙila ɗaya ya fi samun inuwa. Suka nuna mini da'irar da suka zana a ƙasa, duka biyun suna ciki. Na ce to tulunan ba ɗaya ba ne. Malama ta ce wannan magana ce mai kyau, gobe za su musanya ledar su sake gwadawa, ta sa wani ya rubuta. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji.

Sai wata 'yar ƙarama mai giɓi ta kama hannuna ba tare da neman izini ba, ta ɗiga ruwa a bayansa, ta shiga yi masa fifita da bangon littafi. "Ka ji, Baba?" Na ji. Wurin da ke jiƙe ya yi sanyi, busasshen bai yi ba. Ta ce, "Ruwan da ke tashi shi ke tafiya da zafi."

A nan ne abin ya dawo mini. A hanyar Agadas na ga salkar fata rataye a jikin mota tana ɗiga, ruwanta da sanyi. Mu kanmu 'yan albasa mukan naɗe jarka da buhun algarara, mu jiƙa shi, mu ɗaure a inda iska ke bugawa. Da hannuna na jiƙa wannan buhu sau ba adadi. Ban taɓa tambayar dalili ba, domin ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban saba tambayar kaina ba.

Ina cikin wannan tunani jikata ta ɗaga hannu. "Malama, shi ya sa! Randarmu ta gida ba ta gumi. Kaka ya shafe ta da fenti. Ruwanta kamar na wanka."

Gaskiya ta faɗa. Shekara uku kafin nan, na ga randar tana jiƙa ƙasan rumfa, na ɗauko ragowar shuɗin fenti mai maiƙo da na yi wa ƙofa, na shafe ta har sau biyu. Ta yi kyau ƙwarai, baƙi har yabawa suke yi. Da matata ta fara ƙorafin ruwa ba sanyi, na gaya mata duniya ce gaba ɗaya ke ɗumama, a rediyon Faransa na ji. Da ta ce randar maƙwabta fa, na ce nasu gidan ya fi namu iska. Har mai gina tukwanen da ke kawo kaya daga wajen ƙauyen Araba na ɗora wa laifi, baiwar Allah.

Malamar ta yi ƙoƙari, ba ta yi dariya ba. Ta ce kowa ya ɗauko littafi ya rubuta abin da aka yi da abin da ya gani. Na tsaya a kan jikata ina kallo. Ta cika shafi guda da rabi, babu wanda ya yi mata shifta. Rubutun nata dai kamar kaji sun bi ta kai, kuma na gaya wa malama haka, na ce lissafin ninkawa ma da saura. Ta ce ta sani, suna kai, in na ga dama in riƙa taya ta a gida. Ban yi maganar cirewa ba, ita ma ba ta tayar ba.

A hanyar gida yarinyar ta riƙe bakin rigata. Can ta ce, "Tsoho, ka koyi abu guda ko ba ka koya ba?"

Na ce, "Rabin abu."

Ta ce, "To a bar ni rabin shekara, sannan ka sake zuwa."

Kafin in cire takalmi labari ya riga ni shiga gida. Matata ta kawo mini ruwa daga shuɗiyar randar, ta tsaya har na shanye. Sannan ta ce, "Alhaji, ya duniya? Tana nan tana ɗumama?"

Na gwada kankare fentin da wuƙa, ya ƙi, ya riga ya shiga jikin yumɓun. Ranar kasuwa na sayo sabuwa, na zaɓi wadda mai ita ta ce ta fi naso. Tsohuwar yanzu gero ake zubawa a ciki.

Jikata ta gama firamare a wannan makarantar. Ƙannenta biyu ma can na kai su da ƙafata. Tun daga ranar, in yaro ya yi mini tambaya a gidan nan kuma ban san amsa ba, nakan ce ban sani ba, sai mu tashi mu gwada.