Ranar da Na Taya Aikin Haƙori

A shekarata ta huɗu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina aikin lodi a wani kamfanin tura kaya da ke unguwar Sanyuanli, turmin haƙorina na hagu ya fara ciwo. Zan faɗi abin yadda ya zo, ɗaya bayan ɗaya, don ba na son labari a hargitse.

Da farko na sa kanumfari. Kwana uku ya lafa, a na huɗu kuncina ya kumbura, ko shayi ba na iya kurɓa. Kamfani ya ba kowane ma'aikaci katin inshorar lafiya, har da haƙori a ciki. Katin yana aljihuna kullum, amma ɗan littafin da ya zo tare da shi ban taɓa buɗewa ba.

Wani Alhaji ɗan Maraɗi da nake tura wa dilolin kaya ya gan ni riƙe da muƙamuƙi a ƙofar kasuwar Canaan.

"Kai Bakano, wa ya mare ka?"

"Haƙori ne, Alhaji."

"To share hawaye. Ina da likita a bayan titin Liuhua Lu, hannunsa kamar auduga. Ka ce ni na turo ka."

Mu haka muka saba, wanda naka ya yaba shi ake zuwa wa. Na tafi ban tambayi kowa ba.

Likitan ya ɗauki hoto, ya yi min bayani da fassarar waya. Jijiyar ta ruɓe, amma haƙorin zai tsira. Aikin hawa biyu ne: yau a kashe jijiya a cike ramin, bayan sati uku a ɗora masa hula. In ba a ɗora ba, zai tsage. Sannan ya buga kuɗin a kalkuleta ya juyo min da ita, yadda ake yi a kowane shago.

Ganin kalkuleta, hannuna ya yi abin da ya saba. Na goge, na buga nawa. Ya yi dariya, ya ƙara kaɗan. Sai na yi masa tambayar da nake yi wa masu kaya sau goma a rana: idan ba na son rasit mai hatimin haraji fa? Ya rage. Na biya hawan farko da kuɗin da na ware, na fito baki a sandare ina jin na yi ciniki. Lissafina shi ne inshora ta mayar min, in biya hular da shi.

Washegari na kira lambar da ke bayan katin. Wata mata ta ɗauka, ta yi min bayani a hankali. Suna da jerin asibitocinsu, a can kati kawai zan nuna. Likitana ba ya cikin jerin. Duk da haka suna mayar da wani kaso ga wanda ya je waje, idan ya kawo rasit mai hatimi da rahoton likita.

"Kana da rasit ɗin, yallaɓai?"

Na ce mata babu.

Na koma wurin likitan neman rasit. Ya girgiza hannu ya ce, "Meyo," wato babu. Farashin da na zaɓa ke nan, ba a komawa baya. Ban yi musu ba, domin ni ma haka nake gaya wa mutane.

Daga nan na buɗe littafin, na nemi asibitin da ke cikin jerin. Suka ce za su ɗora hular, inshora ta ɗauki mafi yawa, amma ba sa gini a kan aikin wani sai babban likitansu ya duba da kansa. Ranar da suka ba ni sati biyar ne a gaba. Kuɗin komawa wurin na farko kuwa babu, albashi ya riga ya tafi Kano.

Na koma cin shinkafa mai ruwa da ɓangare ɗaya. A sati na huɗu, bayan sallar Juma'a, abokan aiki suka ja ni gidan abincin Musulmin ƙasar. Na manta, na tauna naman rago da hagu. Na ji ƙas, kamar an taka ɓawon gyaɗa.

Ganin gaggawa ce, babban likitan ya duba ranar Litinin, ya ce tsagewar ta kai saiwa, babu abin da za a ɗora wa hula. Aka cire shi gutsure uku. Wannan aikin inshora ta biya shi duka, ko sisi ban bayar ba. Na hau jirgin ƙasa na koma lodi da auduga a baki, domin akwai kwantena mai tashi da yamma.